Tsakanin Kunnen Makanike da Ƙwaƙwalwar Mota

An daina tura mota a unguwarmu, kuma ba a yi shelar dainawar ba. Duk wanda ya tashi a Zariya ta Maraɗi cikin shekarun 1980 ya san wannan hidimar ta asuba. Ana sallame salla, tun ba a watse ba, sai mai bashe ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Samari, a kama mini don Allah." Mu dafa bayan Peugeot 404, mu turo ta cikin rairayin layi, ƙafafu na nutsewa, har mu kai inda ƙasa ta ɗan yi tauri. Direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, motar ta yi tari, ta girgiza, ta sake tari, sannan ta kama, ta bar mu tsaye cikin shuɗin hayaƙi da warin isans. Lokacin ɗari abin ya fi wuya, musamman ga masu injin gazuwal. Na sha ganin direba ya hura garwashi a kasko ya tura ƙarƙashin inji don baƙin mai ya saki. Yau maƙwabcina kan fito da asuba ya murza makulli sau ɗaya, motarsa ta tashi da wani siririn sauti, ya bar layin bai tada ko jinjiri ba. Yaran da ke wasa a ƙofar gidanmu ba su taɓa tura mota ba.

Cinikin da ƙanena ya shiga ne ya tuno mini da wannan. Yana da hannu a harkar lambu a Jiratawa, inda tun farkon shekarun 1980 ake noman rani da ruwan rijiyoyin burtsatse a fili mai faɗin hekta kusan 500. Zogala yake saye a gona, da tumatir da tattasai idan lokacinsu ya yi, ya kawo kasuwar Maraɗi, wani lokaci ya wuce da kaya Tibiri ko kasuwannin ƙauye. Ya gaji da ɗaukar haya, ya tara abin da Allah ya hore masa, ya ce zai sayi tasa motar. Dillalai suka kawo masa biyu, duka Toyota Hilux. Ɗaya tsohuwa ce mai injin da makanikai ke kira 5L, ta sha aiki amma a ido da sauran ƙwarinta. Ɗayar ta fi ta ƙuruciya nesa ba kusa ba, injinta irin na zamani ne mai turbo da ƙwaƙwalwa, kuɗinta ma ya ɗara. Gidanmu ya rabu biyu. Manya suka ce da tsohuwar zuma ake magani, samari suka ce wannan zamanin ya wuce.

Na fahimci manyan, domin na san abin da suke tunawa. Bashe, wadda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira a-kori-kura, ita ce ta ɗinke Maraɗi da ƙauyukanta bayan farin shekarun 1970 ya karya harkar gujiya, alhazan gari suka juya ga fatauci da Najeriya. Peugeot ta fito da 404 a 1960, 504 kuma a 1968, sannan a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa su a Kaduna, wadda ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Wannan kusancin shi ya riƙe motocin. Daga nan zuwa Ɗan Isa, a tsallaka Jibiya a shiga Katsina, tafiyar hantsi ce. Ƙarfen da ya karye da safe, kafin magariba an kawo madadinsa. Ranakun kasuwa sai ka ga motocin suna shigowa gari daga Madarunfa, daga Gidan Rumji, daga Sabon Mashi, gindinsu ya zauna don nauyi: buhunan gero da wake da aya a ƙasa, mata da ƙoren nono a kan buhuna, akuya ɗaure a gefe tana kuka, yaron mota a maƙale a baya da ƙafa ɗaya, yana buga jikin motar da tafin hannu idan wani zai sauka.

Akwai wani dattijon makanike a bakin kwalta, duk unguwa Baba muke ce masa, kuma a inuwar dogon yaron garajinsa na ga yadda ake sauraron inji. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da man shekaru, takalmi ma manne mata yake yi. Idan aka kawo masa mota ba ya fara taɓa sifana. Sai ya ce a tada ta, ya ɗauki doguwar sukudireba ya dasa bakinta a jikin inji, ya kafa kunnensa a kan mariƙin, ya lumshe ido. Ya matsa da ita gaba kaɗan, ya sake saurarawa. Daga nan ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sansana, ya dubi launin hayaƙin. In baƙi ne, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In shuɗi ne, inji na cin baƙin mai, ringi sun gaji. In fari ne mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ya sami hanyar shiga inda bai kamata ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza ɗigon tsakanin yatsu biyu yana neman ɓarɓashin ƙarfe. Direba bai gama ba da labari ba Baba zai ce, "Silinda ta uku ce, ɗana." Yaransa kuwa shekaru suke yi suna wanke notuna a kwanon gazuwal kafin a yarda su kwance karbireta. Ilimin duka a kunne yake da hanci da yatsu, kuma kowane direba yana da nasa rabon a ciki. Ya san yadda zai fitar da iska daga famfon mai a tsakiyar daji, ya san ya liƙe tankin da ya huje da sabulu har ya iso gari.

Toyota ta shigo wannan duniyar ba ta rushe ta ba. Hilux ta fara fitowa a Japan a 1968, amma sunan kamfanin ya cika yankinmu ne bayan 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattaki dakarun Libiya da tankokinsu a Fada da Wadi Dum a kan irin waɗannan motoci, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota. Injunan wancan zamani, 2L da 3L da 5L na gazuwal, 22R na isans, da 1HZ mai silinda shida da lita 4.2 da aka fara sa wa Land Cruiser a 1990, duk ba su fi ƙarfin kunnen Baba ba. Famfon man na gazuwal ɗin ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da lantarki sai ƴar waya guda ta kashe inji. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, sabuwar mota ta gagari kusan kowa, hanyar Kwatano ta buɗe sosai, motocin da Turai ta gama hawa suka yi ta kwararowa, garajin Baba ya cika.

A nan akwai wani abu na Maraɗi da baƙo ba ya saurin ganewa. Mu mutanen isans ne. Shekara da shekaru gwamnatin Najeriya ta yi tana biyan tallafi a kan fetur, ƴan ruwa-ruwa na shigo da shi a jarkoki, ana jera kwalabe a kan teburi a kowace kwana, rana na haskawa ta cikinsu. Don haka a wancan lokacin ɗan kasuwar garin nan bai cika damuwa da yawan shan inji ba. Hilux mai isans, ko da lita 2.7 ce mai zuƙa, ta fi masa sauƙi a kan mai gazuwal. Tsohon inji kuma, ko wane iri ne, yana haƙuri da man kwalba. A shimfiɗa ƙyalle a bakin mazurari a tace a zuba. In da ɗan ruwa ko ƙura a ciki, ya yi tari ya wuce. Wannan haƙurin ne manya ke yabo idan suka ce ƙarfen da ya fi.

To amma in za a waiwaya, a waiwaya da gaskiya. Turin asubar nan da nake tunawa da daɗi, ga mai motar tashin hankali ne, batir ya mutu ba kuɗin sabo, kuma fasinja na jira a tasha. Kwandunan tumatir da yawa sun narke a rana a bakin hanya ana jiran yaro ya je gari ya dawo da ƙarfe. An sha ɗauko mai naƙuda daga ƙauye mota ta mutu cikin rairayi tun ba a hango fitilun gari ba, wasu a nan suka haihu, wasu a nan aka rasa su. Hayaƙin da muke shaƙa muna dariya, a 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, kuma wanda ya zauna da tsofaffin makanikai ya san irin tarin da yawancinsu ke fama da shi. Ƙarfin ma da ake faɗa, juriya ce ta fi yawa a ciki: 5L yana da lita 3 cur, amma bai kai ƙarfin doki 100 ba, in an loda masa kaya ya gamu da jigawa sai an sauke mutane. Abin da ya fi damuna shi ne, haƙurin tsohon inji ya koya mana sakaci. Mun saba da jinkirta juyen baƙin mai, mun saba da ɗora wa mota nauyin biyu, mun saba da cewa ai za ta kai. Da wannan tarbiyya muka tarbi sabon inji.

Shi sabon ya fara yawaita a nan ne da Hilux ɗin da ta fito a 2004 zuwa 2005, mai rubutun D-4D a jiki, da injunan 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3. A 2015 aka kawo na bayansu, 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8. Aikinsu daban ne tun daga tushe. Famfo yana tara gazuwal a bututu guda ƙarƙashin matsi mai tsanani, bar 1,500 zuwa sama da 2,000, wato ya ninka na tsohon famfo sau da yawa. Ƙwaƙwalwar motar, wata ƴar kwamfuta a ɓoye, tana karɓar labari daga ƙananan ma'aunai da ke auna iska da zafi da juyin inji, sai ta buɗe injekta ta rufe sau da dama a bugu ɗaya, man ya fita ta ramukan da kaurinsu bai fi na silin gashi biyu ba. Saboda haka yake ƙonewa sosai. Ƙaramin cikinsu, mai lita 2.4, yana ba da ƙarfin doki 150, ƙarfin jansa kuwa ya ninka na 5L. Yana tashi da bugu ɗaya ko ana tsakiyar ɗari, ba ya cika hayaƙi, kuma yana hawa jigawa da lodinsa.

Ga kuma batun aljihu, wanda shi ne hujjar samarin gidanmu. Direbobi kan ce tsohon yana shan wajen lita 10 ko 11 a kilomita 100, sabon kuma wajen 8. A ɗauka bambancin lita 2 ne kawai. A farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, sefa 618 kowace litar gazuwal, wanda ke cin kilomita 30,000 a shekara zai rage lita 600, wato sama da jika 370. Ga mai sayar da zogala wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuma lissafin isans mai arha ya rushe tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu ya ce an cire tallafi. Kwalaben bakin hanya suka ragu, mutane suka koma gidan mai, nauyi ya dawo kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, har a Maris na 2025 aka ga dogayen layukan isans a ƙasar. Wanda ya sayi motarsa bisa lissafin jarkar Jibiya, dole ya sake lissafi.

Sai dai abin da ya ba sabon inji ƙarfi shi ne kuma rauninsa. Ramin da ya yi wannan ƙanƙanta ba ya yafe ƙura, famfon da ke aiki da wannan matsi ba ya yafe ruwa, mu kuwa ƙura ce abincin hunturunmu. Na taɓa tarar da irin wannan mota a garajin Baba, sabuwa fes, ƴar fitila mai ruwan ɗorawa na ci a gaban sitiyari, inji na juyawa amma ya ƙi ja. Mai ita ya sha man jarka a wata kasuwar ƙauye. Baba ya ɗora sukudirebarsa, ya saurara, ya sauke, ya ce, "Alhaji, ina jin ciwon amma hannuna ba ya kai wa gare shi." Aka kira wani saurayi, ya zo a kan babur da ƴar na'ura a jaka, ya durƙusa ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, wasu lambobi suka fito a allo, ya karanta ya ce matsin mai ya faɗi. Ƴan kallo suka ce gani ya kori ji. Kuɗin injekta huɗu na asali da aka lissafa wa Alhajin sun isa sayen sabon babur.

Ban yarda gani ya kori ji ba, domin na ga abin da ya biyo baya a wurare da dama. Na'urar tana nuna inda aka ji ciwo ne, ba kullum take faɗin abin da ya jawo shi ba. Matsin mai zai iya faɗuwa saboda famfo, zai iya faɗuwa saboda filtar jika biyar da ta toshe, ko wata waya da ɓera ya ci. Saurayin da ya iya karanta lamba amma bai taɓa wanke noti ba, sai ya yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota har a dace. Dattijon da ya san inji ciki da waje kuma bai iya karanta allon ba. Ilimin ya rabe gida biyu, kowane rabi a hannun mutum daban, mai mota na tsaye a tsakani yana biya. A ganina wannan ce babbar asarar da muka yi, ta fi ɓacewar 404.

Akwai kuma tarkon da ya kamata duk mai saye ya sani. Suna ɗaya, fenti ɗaya, amma injin da aka ƙera don Turai daban yake da wanda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa. Tun wajajen 2010 motocin gazuwal na Turai ke zuwa da wata matata a cikin salansa mai kama toka, na baya-bayan nan kuma har da tankin wani ruwa na musamman da ake fesa wa hayaƙi. An yi su ne don man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A yankinmu sai a Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince a Wagadugu da mizanin kashi 50, kuma amincewa a takarda daban, abin da ke cikin tanki daban. Matatar nan tana buƙatar doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone tokarta, motar da ke kai-komo tsakanin lambu da kasuwa kuwa ba ta samun haka, sai ta toshe, ƙwaƙwalwa ta rage wa inji ƙarfi. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda aka yi don wata ƙasa da wani mai, dillali kuwa ba lallai ya faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Da muka gaji da gardama sai muka kai motocin biyu wurin Baba. Muna zaton tsohuwar zai zaɓa. Ya sa aka tada ta, ya bari ta yi zafi, sannan ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai ya ɗora shi a sake a bakin ramin. Murfin ya yi ta rawa, wani tururi mai wari yana bugowa daga ciki. Ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗana, tana numfashi ta sama. An taɓa buɗe ta, kuma ba kayan kirki aka sa mata ba." Ƙanena ya ce, "Baba, ai cewa ake wannan injin ba ya mutuwa." Baba ya goge hannu da tsumma ya ce, "Tsohon ƙira daban, gajiyayyen inji daban. Ku kuna jin suna ne, ni ƙarfe nake ji." Ya ce kayan gyaran da ake samu yanzu yawanci jabu ne, kwali ɗaya da na asali, ba sa shekara. Tun da hanyar Kwatano ta toshe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, na asalin ya ƙara tsada da wuyar samu. Sannan ya nuna yaran garajin da haɓa ya ce, "In kun kawo irinta zan gyara muddin ina da rai. Amma ku dube ni, ku dubi waɗannan. Wa ya tsaya ya koya? Da sun iya canza taya sai su tafi kabu-kabu."

A kan sabuwar bai yi dogon bayani ba. Ya tambayi ƙanena inda zai riƙa shan mai, da wanda zai duba masa ita in fitila ta kama. Ya ce a leƙa takardunta da ƙarƙashinta a tabbatar ba ta Turai ba ce, kuma a kira saurayin nan ya jona na'urarsa tun kafin a biya, shi kuma zai saurara da kunnensa, in bakinsu ya zo ɗaya a saya.

Ni ma nan na tsaya. Wanda aikinsa ke kai shi can arewa, bayan Dakwaro, inda kwalta ta ƙare kuma man jarka ne kaɗai abin samu, tsohon ƙira mai lafiya ya fi masa, in ya same shi; ba banza ba Toyota ta daɗe tana sayar wa kasuwannin Afirka sabuwar Hilux mai injin 5L-E da Land Cruiser mai 1HZ. Amma samun mai lafiyar yana ƙara wuya kowace shekara, kuma kamfanin da kansa ya nuna inda ya dosa, tunda a 2023 ya sa injin 1GD mai ƙwaƙwalwa a cikin Land Cruiser 70, motar da masu daji suka fi amincewa da ita. Wanda kuwa zirga-zirgarsa tsakanin Jiratawa da Maraɗi da Tibiri take, duk ba su wuce kilomita 15 daga birni ba, gidan mai na kusa da shi ko'ina ya juya, ba shi da dalilin gudun sabon inji. Sharaɗin dai ya canza hali: mai daga famfon gidan mai kawai, a ƙara filta mai raba ruwa da gazuwal kafin ta kamfani, a riƙa duba filtar iska duk lokacin ƙura, juyen baƙin mai a kan lokaci da mai na ƙwarai, lodi kuma daidai ƙarfin mota. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, kada ya saya. Mai ɗan jari kuma da kayansa ba su wuce buhu goma ba, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya ishe shi, shi ne ma ya gaji yawancin aikin da bashe ke yi a cikin gari.

Ƙanena sabuwar ya ɗauka, bayan dattijon da saurayin sun duba ta tare, kuma shi ne karo na farko da na ga su biyun sun sunkuya a kan inji ɗaya suna tambayar juna. Motocin da za su shigo Maraɗi nan gaba, na Japan ne ko na Sin, duk masu ƙwaƙwalwa ne, dattawan da suka san ƙarfe kuma suna ƙarewa. Don haka nake roƙon iyayen yara a Zariya da sauran unguwanni, wanda ya kai ɗansa garaji kada ya cire shi daga makaranta, domin makaniken da bai iya karatu ba, nan da ƴan shekaru canza taya kaɗai zai rage masa. Masu garaji su bar yaransu su je su koyi lantarkin mota, ko da rabin yini ne. Makarantun sana'a na garin nan, tun daga ta fasaha ta Ɗan Kasawa, su kuma su nemo waɗannan dattawa su shigo da su aji, a biya su haƙƙinsu, su koyar da ɗalibai tun suna da ƙarfin yin hakan.